Shekarar da Aka Ce Na Saci Gungumen Baba

Tun kuna ƙanana kuke jin gwaggwanninku suna kirana ɓarawon gungume, ku yi dariya, ni ma in yi. Wasu cikinku har sun ƙara wa labarin gishiri, wai da dare na haura katanga na ɗauke shi. Kai jama'a, ni da ban taɓa iya hawan ko turmi ba? To, yanzu da Baba da Inna duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya haskaka kabarinsu, ba sauran wanda maganar za ta taɓa. Zan faɗa muku yadda aka yi, ku riƙe shi haka, ku daina yi mini kwaskwarima.

Kakanku, Malam Habu, mai wankin hula ne a Damagaram. Rumfarsa tana bakin kasuwa, kuma duk wani mai ji da kansa a garin can yake kai hularsa in Sallah ta ƙarato. Yana wanke ta zare, yana wanke ta saƙi, amma jar dara ce ta fitar da sunansa. Dara ba a cuɗa ta kamar tsumma. Turara ta ake yi, a goge da buroshi, a ɗora ta kan gungumen ice, a lallaɓa ta da tafin hannu har ta koma yadda aka sayo ta. Gungume yana da su da yawa, sai dai akwai guda da ba ya bari kowa ya taɓa. Baƙi ne wuluk don shan hannu, ubansa ne ya sa aka sassaƙa shi daidai da kansa, dogo, mai ɗan faɗi ta ƙeya, yana tsukewa kaɗan ta sama. Darar da ta kwana a kansa, in ka sa ta, ko ruku'u ka yi ba ta motsi. Duk da haka Baba bai taɓa son sana'arsa ba. Shi da bakinsa yake cewa ya ƙare rayuwarsa yana wanke gumin kawunan mutane, shi kuwa ko darar kansa bai taɓa saya ba. Ranar da aka kai ni lakkwal ya riƙe kunnena ya ce:

"Lawali, in ka bari na gan ka da hular wani a hannunka, ban yafe ba. Biro za ka zauna, ofishin gwamnati, a kawo maka taka a wanke."

Na yi karatu, gwamnati ta ba ni burs, wato kuɗin karatu, aka tura ni Lyon ta ƙasar Faransa a farkon shekarun tamanin in koyi ilimin saƙa da rini, don in koma in riƙe wani sashe a masaƙar gwamnati. Ɗakina yana unguwar La Guillotière, saman shagon wani Balarabe mai sayar da kayan yaji, ga sanyi, ga ƙamshin citta dare da rana. Ƙarshen wata kuma in hau sabon jirgin ƙasan nan mai gudu in tafi Paris wurin Kawu Alhaji Mamman, yayan Inna. Kawu yana da ɗan shago a unguwar Barbès, ƙarƙashin gadar metiro, jirgin ƙasan cikin gari, amma shagon ido ne kawai. Ainihin kasuwancinsa dara ce: yana sayo ta katan-katan ta hannun wani dillali Bafaranshe, ya tura Damagaram da Maradi da Kano. A wurinsa na fara jin abin da ya ba ni mamaki. Mu a gida duk mun ɗauka dara daga Gabas take zuwa, wasu su ce Istambul, wasu su ce Masar, tsofaffi har shafa ta suke yi don albarka. Kawu ya kwashe da dariya ya ce:

"Wace Istambul? Wani ɗan gari ne a Cakosulobakiya, ƙasar 'yan gurguzu. Ko Musulmi ɗaya ban ji an ce akwai ba a cikinsa."

Sunan garin Strakonice. Harshena bai taɓa daidaita shi ba har yau, Kawu kuwa tun farko ya huta, Garin Dara yake ce masa.

Shekarar da na gama karatu, na tarar da Kawu ya rame. Ya jawo katan ya buɗe, ya miƙo mini dara guda. Ja ce, ulu mai kyau, amma gajera, kamar an kifa wa mutum ƙoƙo. Dillalin ya haɗe odar Kawu da ta wasu ƙasashe don sauƙin kansa, da aka yi masa magana ya ce jar hula ai jar hula ce. 'Yan kasuwar Maradi sun dawo da kaya, na Kano sun ce kada a ƙara aiko musu. Kawu ya taɓa aika awo a takarda, tsawo kaza, faɗi kaza, abin da ya dawo ya fi na farko muni, wani dogon abu kamar bututu. Takarda ba ta ɗaukar yadda ƙeya take fita, ba ta ɗaukar yadda sama take tsukewa. Ya dube ni ya ce:

"Ɗana, kai ka san Faransanci, ka san ulu, kuma a gindin gungume aka haife ka. Mu tsallake Bafaranshen nan mu je da kanmu. Amma sai mun kai musu abin da za su taɓa da hannu."

Na san abin da yake nufi: gungumen Baba. Kuma gaskiyar da ban taɓa ɓoye muku ba ita ce, ina son abin. Duk shekarun da na yi a Lyon ina kallon injin saƙa, zuciyata tana rumfar Baba, tana ƙamshin ulu mai zafi. Biro bai taɓa burge ni ba. Ina jin kunyar faɗa ne kawai.

Da damina na je gida hutu da difilom ɗina. Baba ya sa aka yanka rago, ya riƙa nuna takardar ga duk wanda ya shigo, a juye ma yake riƙe ta, ba wanda ya iya gaya masa. Sai da baƙi suka watse na durƙusa na faɗi buƙatata: aron gungume na 'yan watanni, da izinin in shiga kasuwanci da Kawu. Ya ajiye takardar a gefe. Inna tana bakin murhu, na ji ta daina fifita wuta. Baba ya ce:

"Wato duk tafiyar nan da ka yi, hula ka je ka sake ɗaukowa?"

"Baba, ba wanki ba ne. Wurin da ake yin ta za mu je."

"Hula hula ce. Na fitar da kai ta ƙofa, ka dawo mini ta taga. Gungume ba ya fita gidan nan, kai kuma Litinin ka tafi Yamai ka karɓi aikinka."

Ban tafi Yamai karɓar aiki ba, jirgin Paris na je na hau, a kan cewa zan kwaso kayana. Ko sallama mai daɗi ba mu yi ba. Na isa Lyon, na buɗe akwatin da Inna ta shirya mini, na ɗaga kilishi, na ɗaga ƙullin yaji da kuka, sai ga wani abu mai nauyi a naɗe cikin zane. Zanenta ne, shuɗi mai ɗigon fari, wanda take ɗaurawa ran Juma'a. Tun kafin in warware na san ko mene ne. Na zauna a ƙasa na rasa abin da zan yi, kuka ko dariya. Inna ba ta taɓa musa wa Baba a gaban mutane ba ko sau ɗaya, amma ga shi ta yanke hukunci ita kaɗai, ba ta ko ƙyafta mini ido ba da muna rabuwa.

A zamanin ba waya a gidajenmu. Kaset ake ɗauka, kowa ya yi maganarsa, a ba matafiyi. Ba a jima ba wani ɗan kasuwa ya kawo mini nawa. Na sa a rediyo, na ji kukan akuyarmu, na ji ƙannena suna gaisuwa a tsorace, na ji Inna tana cewa in riƙa sa rigar sanyi, muryarta lumui kamar ba abin da ya faru. Sai Baba ya yi gyaran murya.

"Lawali, ban san na haifi ɓarawo ba. Sallah tana tafe, manyan garin nan za su kawo hulunansu, ka bar ni hannu rabbana. Ka dawo mini da gungumena. Kai kuwa, ko ka dawo ko kada ka dawo, duk ɗaya ne."

Wallahi maganar nan ta shige ni har ƙashi. Da kalma guda zan wanke kaina, amma wankin nawa zai zuba kan Inna, kuma na san zafin Baba, yana iya cewa ta tafi gidansu bayan duk shekarun nan. Na kashe rediyon, na ɗauki sunan ɓarawo na rataya a wuya. Abin da ya rage mini ɗaya ne: in koma da abin da zai sa Baba ya sa mini albarka, ko in rasa shi har abada.

Samun biza ya ci mana watanni. Ƙasar a rufe take a lokacin, ba ka sayen ko allura sai ta ofishin cinikin waje na gwamnati, kuma ba a cika barin mai saye ya ga masana'anta ba. Kawu ya nace, ya ce shi bai taɓa sayen rago a cikin buhu ba. A ƙarshe suka yarda, suka haɗa mu da tafinta, wata mata mai suna Madam Hana, wadda ta iya Faransanci kuma haifaffiyar garin ce. Daga Prag, babban birnin ƙasar, muka shiga mota muka yi kudu, cikin gonaki da tafkuna da dazuzzuka, Kawu da babbar rigarsa fara da tsohuwar dararsa, ni rungume da gungume kamar jariri.

Garin ƙarami ne, bai kai rabin Damagaram ba a idona. Koguna biyu ne suka haɗu a tsakiyarsa, kuma daidai mahaɗar aka gina wata tsohuwar fada ta dutse, da ganuwa, da coci a ciki, da doguwar hasumiya wadda gefe guda nata yake da kaifi kamar bakin gatari, wai don duwatsun abokan gaba su zame. Madam Hana ta zagaya da mu, tana magana kamar mai nuna ɗakin uwarta. Ta ce a da can mutane suna tace zinariya a yashin kogin. Ta ce wasu masu sarauta ne suka fara ginin, daga baya ya koma hannun wasu mayaƙan coci da suka shekara aru-aru suna yaƙi da Turkawa. Kawu ya tsaya cik.

"Tsaya, Madam. Na sama suna yaƙi da Turkawa, na ƙasa kuma suka zo suna ɗinka musu hula?"

Na fassara, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce haka ne, ciki ba ruwansa da yaƙi. Garin masaƙan safa ne tun asali, ulu gare su da ruwa mai laushi, sai suka gano Turkawa suna son jar hula, suka juya kanta, har gari ya cika da masaƙu. Rana ɗaya kuma shugaban Turkiyya ya hana sa ta a ƙasarsa, gidaje da yawa suka shiga uku. Kakarta tana cikin waɗanda aka sallama. Abin da ya tsamo su shi ne hular sojoji irin ta Faransa, da masana'antar babura da aka kafa a garin, da kuma mutanen Afirka da ba su daina sayen dara ba. Ta ce tun tana yarinya take jin sunan Kano a bakin uwarta, ta ɗauka sunan wani attajiri ne. Muna cikin haka wani tsoho ya fito tsakar fadar yana busa wani abu, su ce kiɗan garinsu ne. Kawu ya saurara ya ce algaita ce aka ɗaura wa salka, amma ba laifi.

Washegari aka shiga da mu masaƙar. Nan na ga abin da Baba bai taɓa gani ba duk rayuwarsa. Ashe dara saƙa ta ake yi, ta fito wata ƙatuwar jaka sakwaf wadda za ta rufe mutum har kafaɗa. Sai a zuba ta a ruwan zafi da sabulu, inji ya yi ta dukanta har ta tsuke ta yi kauri, zaren ya ɓace. A rina, a ɗora kan ƙarfe mai siffar kai, a aske gashin, a danne da tururi. Yawancin masu aikin mata ne. Da Kawu ya shigo da dararsa a kai, ɗaya bayan ɗaya suka ɗago, wasu suka kashe injinsu. Madam Hana ta raɗa mini cewa iyayensu da kakanninsu sun yi wannan aiki, amma yawancinsu ba su taɓa ganin mai sa ta ido da ido ba. Wata dattijuwa ta matso ta roƙi ya juya ta ga ƙeya. Kawu, da yake mutum ne mai son a kalle shi, ya juya har sau biyu, yana gyara hannun riga.

Mai kula da ƙarafan siffa wani tsoho ne, Yosef, mai ƙaton gashin baki. Na warware zanen Inna na ɗora gungumen a kan teburinsa. Bai ɗauko ma'auni ba tukuna. Ya kewaye shi da tafin hannu biyu, a hankali, daidai yadda Baba yake yi, har babban yatsansa ya faɗa cikin ɗan kwarmin da yatsan Baba da na ubansa suka cinye a jikin icen. Ya ɗago ya nuna mini nasa yatsan, ya yi kanta a wuri ɗaya. Ya yi tambaya, Madam Hana ta juya mini:

"Yana cewa kan wane ne?"

"Kan kakana ne. Ubana ne yake aiki da shi."

"Ya ce ubanka ya san ka kawo shi?"

Na kawar da kai. Tsohon ya dube ni, ya gyaɗa kai, bai ƙara tambaya ba. Ya ce zai zuba ƙarfe a kan siffarsa, manya da ƙanana, amma sai gungumen ya zauna wurinsa har a gama gwaji. Nan ne hankalina ya tashi. In bar gungumen Baba a ƙasar da ko wasiƙa sai an buɗe kafin ta fita? Kawu ya taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. Na naɗe shi a zanen na tura wa Yosef.

Lokacin sanyin nan shi ne mafi tsawo a rayuwata. Burs ta ƙare, aikin Yamai an ba wani. Ina sauke katan a shagon Kawu da rana, ƙarshen mako in koma Lyon in yi wa wata marina gwajin launi don kuɗin haya. Tuni Sallah ta zo ta wuce, ƙannena suka aiko kaset babu muryar Baba a ciki. Suka ce wasu manya sun kai hulunansu wata rumfar, kuma in an ambaci sunana sai ya tashi ya fita. Sai da ganye ya fara tsirowa 'yan duwan, wato kwastan, suka kira mu. Katan na farko da muka buɗe a Barbès, gungumen ne a sama, an shafe shi da mai, zanen Inna kuma an wanke an goge an naɗe shi tsaf. A ƙasa ga dara jere, doguwa, mai ƙeya. Kawu ya cire tasa ya sa sabuwa, ya sunkuya kamar mai ruku'u, ya ɗago, ba ta motsa ba. Ya zauna kan katan yana hamdala, idonsa ya kawo ruwa.

Na hau jirgi da gungumen da dara guda. Na isa rumfar Baba da hantsi, na yi sallama, ya amsa wa iska. Na durƙusa na ajiye ƙunshin a gabansa. Sai da ya kai hannu na ga wautar da na tafka: a cikin zanen Inna na kawo shi. Da kuɗinsa ya saya mata zanen nan, kuma ta ce masa ya ɓace a wurin shanya. Ga Inna ta biyo ni da kwanon fura, tana tsaye a bakin rumfa. Baba ya dubi zanen, ya daɗe yana dubansa, ya ɗaga ido ya dubi Inna. Ita kuwa ta kafe shi da nata, ba ta sunkuyar ba. Ni dai na gama sallamawa.

Ya warware, ya jujjuya gungumen, ya sa yatsa a kwarminsa. Sannan ya ɗauki darar, ya matse ta a hannu, ya shinshina, ya tsoma ta cikin ruwan zafi ba tare da ya tambayi kowa ba. Ya tsamo ya kifa ta kan gungumen. Ta zauna ɗas, ba sai an ja ba, ba sai an lallaɓa ba. Na ba shi labarin kogunan, da fadar dutse, da matan da suka kashe inji, da Yosef da yatsansa. Na ce masa yanzu akwai ƙarfe a can mai siffar wannan icen, kuma duk darar da Kawu zai kawo daga yau a kansa za a yi ta.

"Wato kan ubana ne zai riƙa yawo a Maradi da Kano?"

"Shi ne, Baba."

Ya ninke zanen da kyau, ya miƙa wa Inna ba tare da ya dube ta ba.

"Karɓi, Hajara. Ɓarawon nan har da zanenki ya haɗa."

"Allah Ya shirye shi, Malam," in ji Inna, ko murmushi ba ta yi ba.

Daga ranar sunan ya bi ni, kuma Baba ne ya fi kowa yaɗa shi, don ya san muddin ni ne ɓarawo, ba mai tambayar Inna komai. Da darar ta sha iska ya cire ta daga gungumen, ya tuɓe tsohuwar hularsa ta saƙi, ya sa. Shekarunsa sun haura sittin, ita ce dara ta farko da ta zama tasa. Ya miƙo hannu ya dafa kaina, ya ce Allah Ya yi wa kasuwata albarka, sannan ya ce in matsa in hura masa wuta, ruwa ya huce.